TARIHIN AWON MATSI DA AMFANINSA WAJEN GANE CINYEWAR TSOHON INJIN MOTA

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin wani ɗan awo da kanikawa suke yi wa injin mota, wanda za mu kira awon matsi, watau abin da ake ce wa kwamfireshin a gareji. Awon ba ya ɗaukar fiye da rabin sa'a, kayan yinsa kuma ba su wuce geji ɗaya da ɗan tiyo ba. Amma da shi ake yanke hukunci a kan babban al'amari ga mai mota: ko a kwance inji a kashe kuɗi mai yawa, ko a bar shi a rufe. Za mu duba yadda matsi ya shigo cikin ƙirar inji, da asalin gejin da ake awon da shi, sa'an nan mu ɗauki Peugeot 504, wadda kowa ya sani da sunan Fijo, mu ga abin da awon yake faɗa a kanta. Ra'ayin da takardar za ta kare shi ne, lambar da geji ya nuna ba ta da ma'ana ita kaɗai, sai an san zamanin da aka ƙera injin da kuma ƙasar da aka yi awon.

2.0 SHIGOWAR MATSI CIKIN ƘIRAR INJI

Injin farko mai ƙona makamashi a cikin silinda da ya shiga kasuwa sosai shi ne na Étienne Lenoir, wanda ya fito a Faris a 1860. Wannan inji ba ya matse komai. Fistin yakan jawo iskar gas da iska har rabin tafiyarsa, sai a kunna wuta, sauran rabin tafiyar ya zama na aiki. Saboda haka ƙarfin da yake bayarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na makamashin da yake ci ba. A 1862 wani Bafaranshe, Alphonse Beau de Rochas, ya rubuta cewa maganin wannan ɓarna shi ne a matse haɗin kafin a kunna shi, ya kuma zayyana matakai huɗu: shaƙa, matsi, ƙuna, da fitar da hayaƙi. Shi bai ƙera injin ba. Nikolaus Otto ne ya ƙera shi a Jamus a 1876, nan take amfanin ya haura zuwa wajen kashi 14 cikin 100, alhali kuwa matsin injin nasa bai kai ninki uku ba. Rubutun Beau de Rochas ne ya sa kotun Jamus ta soke haƙƙin mallakar Otto a 1886, abin da ya buɗe wa sauran maƙera ƙofa. Rudolf Diesel kuwa ya kai al'amarin maƙura: injinsa na 1897 yana matse iska har ta yi zafin da za ta kunna mai da kanta, ba tare da fulogi ba.

Abin da ake nufi da ninkin matsi yana da sauƙin ganewa. A auna girman sararin da ke cikin silinda lokacin da fistin yake can ƙasa, a raba shi da ɗan sararin da ya rage lokacin da fistin ya kai ƙololuwa. In an ce 8:1, watau an cusa iskar mudu takwas ke nan a cikin mudu ɗaya.

To, matsi ba ya yiwuwa sai silinda ta riƙe iska. A nan ne wata ƙirƙira da ta girmi mota ta yi rana. A 1852 John Ramsbottom, injiniyan jirgin ƙasa a Ingila, ya ƙago zoben ƙarfe mai tsaga wanda ake sa wa fistin, yana buɗewa da kansa ya lafe a jikin silinda. Kafin wannan, da zaren rama ake naɗe fistin na injin tururi. Zoben nan shi ne rin da kanikawa suke saye har gobe. Hanyoyin da iska za ta iya zurarewa daga silinda uku ne: ta gefen rin, ta bakin bawul, ko ta gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Duk aikin awon matsi shi ne a gane ko akwai yoyo, kuma ta wace hanya daga cikin ukun.

3.0 DAGA HANNU ZUWA GEJI

Kanikawan farko da hannu suke awon. Motocin wancan zamani da handul ake tayar da su, saboda haka bakanike yakan juya handul a hankali, yana jin yadda kowace silinda take turjewa. Silinda mai lafiya takan ƙi hannu, har ta nemi mayar da handul baya. Wadda ta cinye kuwa sai ta wuce salin-alin. Wannan hanya ta wadatar a kan mota irin Ford Model T ta 1908, wadda ninkin matsinta wajen 4:1 ne. Amma a 1912 kamfanin Cadillac ya fito da sitata ta lantarki wadda Charles Kettering ya ƙera, Ford ma ta bi sahu a 1919. Sannu a hankali handul ya ɓace, matsi kuma ya yi ta ƙaruwa har ya fi ƙarfin a tantance shi da dantse. Sai aka koma ga geji.

Tunanin a leƙa cikin silinda ta hanyar auna ƙarfin da ke cikinta ya samo asali ne tun zamanin injin tururi. A wajen 1796 John Southern, ma'aikacin James Watt, ya haɗa wata na'ura mai zana hawa da saukar ƙarfin tururi a kan takarda yayin da fistin yake tafiya, kamfanin kuwa ya ɓoye ta shekaru da yawa don kada abokan gasa su samu. Gejin da ke hannun bakanike a yau ya fi wannan sauƙi, kuma haɗin ƙirƙira biyu ne waɗanda ba don mota aka yi su ba. Ta farko ita ce lanƙwasasshen bututun Eugène Bourdon na 1849, wanda yake miƙewa in iska ta matsa a cikinsa, miƙewar kuma ta juya allura. Ta biyu ita ce bawul ɗin Schrader na 1891, irin wanda ke bakin tayar keke da ta mota, mai barin iska ta shiga ya hana ta fita. Shi ne yake riƙe allura a inda ta tsaya har a karanta. Wani abin lura ga ɗalibai: bawul ɗin geji yana da sifirin mai laushi fiye da na taya, wanda ya musanya shi da na taya zai riƙa samun lamba ƙasa da ta gaskiya, ya ɗora wa inji laifin da ba nasa ba.

4.0 FETUR, DALMA, DA HAWAN MATSI

Me ya hana maƙeran farko su ƙara matsi tun da sun san amfaninsa? Fetur ne. In aka matse fetur mara kyau da yawa, wani sashensa yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, a ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙarfe da ƙaramar guduma. Ya kamata a bambance wannan da abin da muke cewa "inji ya buga", wanda yake nufin lalacewar metal da karanshaf. Ƙwanƙwasar da muke magana a kai matsalar ƙuna ce, ko da yake in ta daɗe takan huda fistin ta karya rin.

Harry Ricardo a Ingila ya yi nazarin wannan matsala da injin gwaji wanda ake iya sauya ninkin matsinsa. A Amurka kuma, a watan Disamba na 1921, Thomas Midgley da ke aiki ƙarƙashin Kettering ya gano cewa ɗan sinadarin dalma a cikin fetur yana kashe ƙwanƙwasar. An fara sayar da fetur mai dalma a garin Dayton a 1923. Tun a 1924 aka ga alamar haɗarinsa, lokacin da ma'aikata biyar suka mutu a wata masana'antar haɗa sinadarin a jihar New Jersey, amma ciniki ya rinjayi tsoro. Da dalma da kuma ci gaban tace mai, matsi ya yi ta hawa: a 1949 sababbin injunan Oldsmobile da Cadillac sun haura 7:1, a ƙarshen shekarun 1960 kuwa manyan motocin Amurka sun kai 10:1 har 11:1. A 1971 kamfanin General Motors ya sauko da su zuwa wajen 8.5:1 don shirin fetur mara dalma. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma zuwa farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ƙasa ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Wannan tarihi ya shafi awon matsi ta fuska biyu. Ta farko, babu wata lamba guda da za a ce ita ce ta inji mai lafiya. Model T da ya nuna fam 55 a kan kowane inci murabba'i lafiyarsa ƙalau. Injin 1968 mai ninki 10:1 da ya nuna fam 100 ya gama yawo. Ta biyu, dalma tana barin wani ɗan shafe a mazaunin bawul ɗin hayaƙi, wanda yake kare shi daga cinyewa. Da aka janye ta, tsofaffin injuna masu kan baƙin ƙarfe, waɗanda aka sassaƙa mazaunin bawul a jikin ƙarfen kai tsaye, suka fara samun bawul yana nutsewa cikin mazauninsa, musamman a doguwar tafiya da gudu. Alamar farko da takan tona asirin wannan ciwo ita ce saitin bawul ya riƙa tsukewa, matsi kuma ya riƙa sauka.

5.0 MISALI DA PEUGEOT 504

An fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ta 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan motar da Turawa suke ajiyewa a yau don sha'awa, a wurinmu ta yi shekara talatin tana aikin gwamnati da na tasha, har yanzu kuma ba a rasa ta a hanyoyin karkara.

Injinta da aka fi sani mai silinda huɗu ne, girmansa 1971 cc, faɗin silinda milimita 88, tafiyar fistin milimita 81. Kowace silinda tana shaƙar wajen 493 cc. A fitowarsa ta farko ninkin matsinsa 8.35:1 ne, watau sararin da ke saura a sama bai wuce 67 cc ba. Mai lissafi zai ce a ninka nauyin iskar duniya, fam 14.7, sau 8.35, a samu wajen fam 123. Geji ba ya bin wannan lissafi. Iska tana zafi in an matse ta, zafin kuma yana ƙara ƙarfinta. A ɗaya gefen, bawul ɗin shaƙa ba ya rufewa sai fistin ya riga ya fara hawa, saboda haka wani sashe na iskar yana komawa baya. Abin da yakan fito a inji mai lafiya irin wannan ya fi 123, amma yawan abin da zai fi ya danganta da ƙarfin batir da zafin inji da gejin kansa.

Ga yadda ake yin awon. A bar inji ya ɗumama, a kwance fulogi duka huɗu, a cire wayar kwal don kada wuta ta yi tsalle, a buɗe totur gaba ɗaya. Fulogin 504 a cikin dogon rami suke, saboda haka sai geji mai dogon baki. A ɗaura geji a silinda ta ɗaya, a buga sitata har fistin ya matsa sau biyar ko shida, a rubuta lamba, a wuce ta gaba, ana yin bugu iri ɗaya a kowace silinda. Tun da bawul ɗin wannan inji da hannu ake saita su, wajibi ne a duba saitin kafin a fara. Bawul da aka tsuke ba ya zama daidai a mazauninsa, sai ya nuna ƙarancin matsi a injin da babu abin da ya same shi. Injuna nawa aka kwance a banza saboda aikin da sifana da sukundireba za su gama cikin minti ashirin?

Karatun sakamakon shi ne ainihin gwaninta, kuma kwatanci ne tsakanin silinda da 'yar'uwarta. Littattafan wasu kamfanoni sun yarda da inji matuƙar mafi ƙarancin lamba ba ta gaza kashi 75 cikin 100 na mafi yawa ba. Kanikawa masu tsanani ba sa son bambancin ya wuce kashi 10. A ɗauka, alal misali, an sami 150, 148, 95, 152. Silinda ta uku ce mara lafiya. Sai a zuba mata baƙin mai cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake awo. In lamba ta yi tsalle zuwa 135 ko 140, man ya toshe yoyon gefen fistin na ɗan lokaci, laifin rin ne ko jikin silinda. In ba ta motsa ba, yoyon yana sama, inda mai ba ya kaiwa, watau bawul ko gasket. In kuwa silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, kamar 150, 70, 70, 150, to gasket ne ya ƙone a tsakaninsu, suna musayar iska. Yadda allura take hawa ma magana ce: rin da ya cinye yakan fara da ƙaramar lamba ya riƙa tarawa bugu bayan bugu, bawul da ya ƙone kuwa yakan tsaya ƙasa tun daga farko har ƙarshe. Akwai kuma ruɗi ta ɗaya gefen: tsohon inji mai shan baƙin mai yakan tara gawayi a kan fistin, sararin sama ya ragu, geji ya nuna lamba mai kyau alhali shuɗin hayaƙi yana fita a salansa.

Dalilin da ya sa wannan bambancewa take da muhimmanci a 504 yana cikin ƙirarta. Silindarta silib ne da ake zurawa cikin gangar jiki, ruwan lagireto yana zagaye shi kai tsaye, kan inji ne kuma yake danne shi a wurinsa. Alherin wannan shi ne in silinda ta cinye ba sai an kai inji wurin masu huda ba, a sayi silib da fistin da rin a sauya; wannan yana cikin abin da ya sa motar ta daɗe a Afirka. Sharrinsa shi ne in aka ɗage kan inji aka juya karanshaf ba tare da an danne silib ba, silib yakan motsa, abin da ya toshe gindinsa ya lalace, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Ke nan buɗe wannan inji don "a ga abin da ke ciki" yana iya haifar da ciwon da babu shi da farko. Wani sauƙi da masu 504 suka samu shi ne kan injinta na alminiyam ne mai mazaunin bawul na ƙarfe dabam, don haka janye dalma bai dame ta ba kamar yadda ya dami injuna masu kan baƙin ƙarfe.

Kowace ƙira da inda take fara gazawa. Volkswagen Beetle, wadda aka fara haɗawa a Ikko a 1975, iska ce take sanyaya ta. A tsofaffin samfurinta na kafin 1971 na'urar sanyaya mai tana tare iskar da za ta je silinda ta uku, shi ya sa bawul ɗin hayaƙi na wannan silinda ya yi suna wajen ƙonewa. Wanda ya san wannan tarihi ya san inda zai fara sa ido.

6.0 ƘURA DA TUDU

Littattafan gyara da suka zo mana an rubuta su ne a ƙasashen sanyi. A can, binciken da aka yi a Ingila cikin shekarun 1930 ya nuna cewa yawancin cinyewar silinda tana faruwa ne lokacin da inji yake da sanyi, sa'ad da ruwa da tsami daga hayaƙi suke kwanciya a jikin ƙarfe suna cin sa. A ƙasar Hausa babban abokin gaba dabam ne. Ƙurar hunturu, wadda da yawanta take tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, da jar ƙurar hanyoyin burji, in suka wuce matatar iska suka haɗu da baƙin mai, sai su zama tamkar dutsen wasa tsakanin rin da silinda. Cinyewar ta fi tsanani a sama, inda rin na farko yake juyawa, har a ji gaɓa da farce. Irin wannan cinyewa ba ta zaɓen silinda, duka huɗun take ci tare. A nan ƙa'idar kwatanci takan gaza, domin lambobi huɗu za su fito kusa da juna, amma duk a ƙasa. Sai gwajin cokalin mai, da duba hayaƙin da ke fita ta bakin zuba mai, su raba gardama.

Abu na biyu da littattafan ba su cika faɗa ba shi ne tudu. Geji yana ninka iskar da inji ya shaƙa ne, iska kuwa tana raguwa da wajen kashi 3 cikin 100 a kowane hawan mita 300. Jos tana bisa tudun da ya kai mita 1,200. Injin da ya nuna fam 150 a Ikko zai nuna wajen 130 a Jos, ba tare da ko ƙusa ɗaya ta sauya ba. Malamin da ya ba ɗalibi lambar littafi ya ce ya haddace, bai gaya masa a wane tudu aka auna ta ba, ya ba shi rabin ilimi ne.

7.0 AWON A ZAMANIN KWAMFUTA

Awon matsi yana da ƙane wanda ya fi shi bayani, wanda masu gyaran jiragen sama masu fistin suka daɗe suna amfani da shi. A tsayar da fistin a ƙololuwa, a hura iska mai nauyin fam 80 ta ramin fulogi, a auna yawan da ke zurarewa, sa'an nan a kasa kunne: in huci ya fito a salansa bawul ɗin hayaƙi ne, in a kafireto na shaƙa ne, in a bakin mai rin ne, in kumfa ta taso a lagireto gasket ne. Daga 1996 kuma dokar Amurka ta tilasta wa sababbin motoci su zo da kwamfuta mai iya faɗin silindar da take fashin wuta. Amma kwamfutar ba ta auna matsi. Takan ce silinda kaza ba ta aiki daidai, ta bar bakanike da neman dalili. Ba sau ɗaya ba akan sauya fulogi da kwal da nozul ɗaya bayan ɗaya a kan silindar da bawul ɗinta ne ya ƙone.

Ga motocin da suka girmi kwamfuta babu ma wannan taimako. Tun daga 1986, da darajar naira ta faɗi sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwar injunan hannu, waɗanda ake kira Beljiyam, ta bunƙasa a wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Mai saye yakan duba tsabtar jikin inji, ya leƙa bakin mai, ya yarda da rantsuwar dillali. Alhali kuwa inji da ke ajiye a ƙasa, in dai da sitata a jikinsa da batir mai caji, ana iya auna matsinsa a wurin kafin kuɗi ya fita daga aljihu. Lambobin za su ɗan yi ƙasa saboda inji da sanyi kuma ya daɗe bai ga mai ba, amma silindar da ta bambanta da sauran ukun za ta nuna kanta.